Juna Biyu: Sunayen Ciki a Bakin Mawaƙi da Bakin Manazarci

Duk ɗalibin Hausa da ya ratsa kwalejin horar da malamai ta Gyallesu a Zariya, wadda aka kafa a 1962 kuma a 'yan shekarun nan aka ɗaga ta zuwa jami'a, ya san hanyar da ake bi a tunkari rubutacciyar waƙa. Za a fara tambayarsa salsalarta, wato wa ya yi ta, yaushe, kuma a kan wane dalili. Daga nan sai jigo, sai zubi da tsari, sai salo da sarrafa harshe. Wannan jeri ya fi kafuwa ne ta hannun Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, wanda ya raɗa wa hanyar tasa suna gadon feɗe waƙa, aka kuma fitar da littafin a 2007 da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Sunan ya dace da aikin. Mahauci na feɗe dabba, likita na yin fiɗa, kuma dukansu biyu buɗe abin da ke rufe suke yi don ido ya gani. Sai dai akwai waƙar da rabin ƙarfinta yana wajen rufewar, ita ce wadda ta ɗauki samun ciki da rainonsa a matsayin abin magana.

A ƙarƙashin jigo ana umartar ɗalibi ya nemo furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya fito fili ya ce ga abin da zai yi waƙa a kai. A waƙar siyasa ko ta wa'azi wannan ba ya ba da wahala, sau da yawa yana nan a baiti na uku ko na huɗu, bayan yabon Ubangiji da salati. A waƙar ciki kuwa, idan wanda ya yi ta ya tashi cikin tarbiyyar kunya, ana iya kaiwa ƙarshe ba a ci karo da baitin ba. Ɗalibi ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga an ambaci ciki ba, sai ya rubuta cewa jigon waƙar shi ne ikon Allah ko yabon uwa, ya wuce. Amsar ba ƙarya ba ce, amma ta bar ainihin abin a baya. Rashin ambaton shi ne babban salon waƙar, kuma shi ya kamata a fara nazarta.

Kalmomin nazarin su kansu suna da asali da ya kamata a waiwaya. Jigo daga lambu ya fito: itacen nan da ake kafawa a bakin ruwa, a rataya guga a gefe ɗaya, a ɗaura nauyi a ɗaya gefen, ana ɗebo ruwa da shi. Masu noman rani a bakin kogunan Kubanni da Galma sun san shi tun kafin zuwan injin ban ruwa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da ya zo tsara hanyar nazarin waƙar baka, sai ya zaɓi turke, inda ake ɗaure dabba ta yi ta kewaye ba ta kuɓuce ba. Larabawa ma haka suka yi. Halilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, daga tantin makiyaya ya ɗebo sunayensa: baiti shi ne ɗakin, sababi igiyarsa, watadi kuma turken da ake kafe ta da shi. Lambu, garke, mahauta, duk wuraren aikin maza ne, kuma duk abubuwa ne da ke tsaye a sarari. Kalma ɗaya ce na ga ta fito daga ɗakin mata, ita ce ɗa. A nazarin waƙar baka, amshin da ake komawa gare shi gindi ne, kowane yanki da makaɗi ya rera tsakanin amshi da amshi kuwa ɗa ne, jam'insa ɗiya. Waƙa ke nan tana haihuwa.

Kalmar ciki ita kanta rumbu ce. Tana nufin tumbi, inda tuwo ke sauka. Tana nufin abin da ke can ƙurya, kamar cikin gida, wanda kuma shi ne sashen mata, inda baƙo namiji ba ya shiga. Tana nufin zuciya da tunani, shi ya sa muke da farin ciki da baƙin ciki da zurfin ciki. Sannan tana nufin ɗan da ake ɗauke da shi. Idan aka ce wane da wane ciki ɗaya suke, an gama bayanin kusancinsu. Hausa ma ta kafa zumunci gaba ɗaya a kan wannan, domin duk wanda ka jiɓinta ɗan'uwanka ne, wato ɗan uwarka, alhali ɗan'uba ya zama sunan abokin gasa. Saboda haka mawaƙin da ya sa kalmar ciki a ɗango yana iya buɗe ƙofa uku ko huɗu a lokaci guda, kuma aikin manazarci ne ya gano ko ya buɗe su ɗin da gangan. Karin maganar nan da ke cewa duniya mace da ciki ce, ba a san abin da za ta haifa ba, ta nuna yadda Bahaushe ke kallon lamarin: ciki shi ne misalin duk abin da ya tabbata yana nan amma ba a ga fuskarsa ba tukuna.

Duk da wannan yalwa, a gaban manya kalmar tana da nauyin faɗa. Sai a ce tana da juna biyu. A maganar yau da kullum juna na buƙatar mutum biyu, kamar son juna ko ganin juna. A nan kuwa an ɗora biyun a kan mace ɗaya, jiki biyu a wuri guda, rai biyu a tafiya guda. Ban san wani furuci a Hausa da ya taƙaita babban al'amari cikin kalma biyu kamar wannan ba. Gidajen rediyo sun rungume shi, har ya zama shi ne lafazin labarai, mata masu juna biyu. A cikin gida kuma ana ƙara sakayawa fiye da haka. A ce ba ita kaɗai ba ce. A ce ta yi nauyi. A ce an samu rabo, kalmar da ke mayar da lamarin ga Mai rabawa, ta cire hannun miji da mata daga ciki. Ranar ɗaurin aure ma ba a roƙa wa ango da amarya 'ya'ya kai tsaye, sai a ce Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, a ambaci fitsari da tumbuɗin jariri a bar jaririn.

Farkon abin ma da rashi ake gane shi, shi ya sa sunansa ɓatan wata. Yarinya mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta faɗa ba, tsofaffi ne ke karantawa a jikinta. Kaka ta dubi jikarta ta ce, "Ke 'yar nan, wannan hasken da kika yi na lafiya ne kuwa?" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, Iya." Magana ta ƙare, kowa ya fahimta. Daga nan sunaye ke biyo juna: laulayi, kwaɗayi, motsi, ciki ya fito, ciki ya tsufa. A lura da wannan na ƙarshe, ciki yana da ƙuruciya da tsufa nasa na kansa, ƙaramin ciki da tsohon ciki, tun kafin wanda ke cikinsa ya fara ƙirga kwana ɗaya a duniya. Idan ta shiga watanta aka ga alamu, sai a ce tana kan gwiwa, saboda a durƙushe matan da ke haihuwa a gida suka saba yi.

Aikatau uku ne suka riƙe tafiyar daga farko zuwa ƙarshe: ɗauka, goyo, sauka. Ana ɗaukar ciki, ana goyon ciki, sannan a sauka. Larabci ma a kan kaya ya gina nasa, hamlu shi ne ɗaukar kaya kuma shi ne ciki, wad'u shi ne ajiyewa kuma shi ne haihuwa. Amma Hausa ta ɗan karkata. Ba mu cika cewa ta sauke ba, cewa muke yi ta sauka, kuma addu'ar ita ce Allah ya sauke ki lafiya. Ita ce ake saukewa. Mai ɗauke da kaya ta koma matafiyiya da ke kan wani abin hawa mai haɗari, ana jiran ƙafarta ta taɓa ƙasa. Kuma wannan kalma ce dai ake amfani da ita ga almajirin da ya kai ƙarshen Alƙur'ani, ya yi sauka. Ɗaya addu'ar, Allah ya raba lafiya, tana warware juna biyun ne, a mai da shi ɗaya da ɗaya. Wanda ya iso kuma, kafin ranar suna, baƙo ne ko baƙuwa, gidan kuwa ya samu ƙaruwa.

To, a wane gurbi ɗalibi zai saka waɗannan idan ya same su a waƙa? Jerin adon harshen da aka koya masa ya ƙunshi kamantawa, inda ake cewa abu kamar wani abu ne ko ya fi shi ko bai kai shi ba, da siffantawa, inda ake cewa abu shi ne wancan kai tsaye, da jinsintarwa mai rassa uku, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, sai alamtarwa da kambamawa. Ƙazantar ɗaki za ta iya shiga alamtarwa. Sauka siffantawa ce da ta daɗe har aka daina jin ta. Amma juna biyu da rabo da nauyi wani aiki suke yi daban, suna kauce wa kalma ne don girmama mai sauraro da wadda ake magana a kanta. Malaman zaure na cikin birnin Zariya, waɗanda suka yi suna a nahawu da lugga, suna da sunan wannan a ilimin balaga, kinaya, kuma ɗalibansu na haɗuwa da ita a littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi. Manazartan boko suna cewa saye ko sakaya zance. A ganina saye ya cancanci gurbinsa na kansa a gadon feɗe waƙa, daidai da kamantawa da siffantawa. Idan aka jefa shi ƙarƙashin zaɓen kalmomi kawai, an rage masa daraja.

Akwai wata tambaya da ke biye da wannan. Idan kowace tsohuwa a Tudun Wada tana cewa juna biyu, shin mawaƙin da ya faɗe ta ya yi gwaninta? Idan ya ɗauko ta ne kawai ya cike ɗango, adon na al'umma ne, shi aro ya yi. Gwanintarsa na farawa ne inda ya farkar da kalmar daga barci. Misali ya riƙe biyun nan ya yi ta bin ta, cin mutum biyu da baki ɗaya, numfashin mutum biyu da hanci ɗaya, tsoron mutuwar mutum biyu a dare ɗaya. Ko ya haɗa saukar mai ciki da saukar mai karatu, ya sa a ji cewa wata tara ma allo ne da ake wankewa shafi bayan shafi. Nan ne gajeruwar siffantawa ke zama doguwa, kuma nan ne ya kamata maki ya fi yawa.

Malamai suna da nasu jerin sunayen, kuma a wajensu ba a sakayawa, tunda an ce babu kunya a neman sanin addini. Suratul Hajji da Suratul Muminun sun jera matakan halitta, nuɗfa da alaƙa da mudga, waɗanda masu tafsiri ke fassarawa da ɗigon maniyyi da gudan jini da tsoka. Suratuz Zumar ta ambaci duffai uku. Hadisi na huɗu a Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi, wanda Abdullahi ɗan Mas'udu ya ruwaito, ya ba kowane mataki kwana 40, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, a rubuta arziki da ajali da aiki da makoma. Daga haɗa wata 30 na Suratul Ahƙaf da shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara, malaman fiƙihu suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya san waɗannan, kuma daga nan mawaƙan wa'azi ke ɗebo kayan aikinsu.

Sai dai a waƙar wa'azi ciki hujja ce kawai. Ana tuna wa mai girman kai daga inda ya fito, ɗigon ruwa a cikin duhu, don ya sauke kafaɗa. Mutumin da ake wa magana shi ne wanda ya zauna a cikin, ita kuwa mai cikin ta zama wuri, ɗaki mai duhu ko mazubi. Da ma'aunin Ɗangambo, wannan abuntarwa ce, an mai da mutum abu. Kalmar mahaifa ma haka take, sunan wuri ce, shi ya sa take nufin gurbin da ɗa ke kwanciya a jikin uwa, take kuma nufin garin da aka haifi mutum. Larabci ya bi wata hanya, rahim da rahama tushensu ɗaya, kuma sada zumunci a can sada rahim ne. Mawaƙin da ya san harsunan biyu yana da zaɓi tsakanin wuri da jinƙai, kuma wanda ya zaɓa yana gaya mana abin da ke ransa.

A waƙoƙin bege ne aka fi tsayawa a kan ciki ɗaya tak, na Nana Amina, mahaifiyar Annabi (SAW). Zariya gari ne na bege, garin Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, kuma a watan Rabi'ul Awwal ana raya darare da Ishiriniya da Burda da Hamziyya da karatun maulidi. Littattafan sira sun kawo cewa ba ta ji nauyin da mata ke ji ba, kuma ta ga haske ya fita daga gare ta har ya haskaka benayen Busra a ƙasar Sham. Salon da ke nan salon korewa ne, ana ɗaukaka wannan ciki ta hanyar cire masa abin da aka san kowane ciki da shi. Ma'anar hakan ita ce mai sauraro sai ya san laulayi da nauyi kafin mu'ujizar ta ratsa shi, kuma matan da ke zaune a bayan taro sun fi kowa sanin girman abin da aka ce an ɗauke mata. Duffai uku na wa'azi a nan sun juye sun zama haske. Ɗalibin da ya ajiye waɗannan hotuna biyu gefe da gefe ya samu abin rubutawa mai yawa.

Nau'i na uku shi ne yabon uwa, wanda mawaƙan zamani na situdiyo suka yawaita. A nan wata tara bashi ne da ɗa ba zai iya biya ba. Waƙoƙi ne masu sa hawaye, kuma ina girmama su. Amma a dukan nau'o'in uku, wa'azi da bege da yabo, ana magana ne a kan mai ciki. Ba ita ke cewa ni ba. Tambayar wa ke magana, kuma a gaban wa, ba ta da babban gurbi a jerin da ake koyarwa, alhali a waƙar ciki ita ce ke yanke yawan sayen da za a yi.

Inda mata ke magana da bakinsu shi ne waƙoƙin daka da niƙa da reno, da kuma amada, kiɗan ƙwarya na cikin gida a ranar suna ko biki. A can mayafin saye yana sassautawa. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana da waƙa mai suna Gwarne Ikon Allah. Gwarne, ko kwanika, ko rurrutsa, shi ne mace ta samu ciki tana tsakiyar shayarwa, ciki da goyo, abin da ake yi wa mata gori da habaici a kansa. Barmani ta ɗauki kalmar gorin ta jingina ta ga ikon Allah tun daga sunan waƙar, ta mai da abin kunya abin tinƙaho. Wannan ma salo ne, kuma ba a iya ganinsa sai an san nauyin kalmar a tsakar gida. Akwai kuma kalmomin da ke yanka. Juya, sunan da ake kiran macen da ba ta haihuwa, da shi ake kiran saniyar da ba ta haihuwa, dabbantarwa ce da kishiya ke jifa da ita a bakin turmi. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta yi bayanin al'adun ciki da haihuwa dalla-dalla, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta rena. Duk mai nazarin waƙar ciki ya tuna cewa cikin masu sauraro akwai irinta.

Sunayen mutane ma suna ɗauke da tarihin cikin da aka yi da su. Shekarau ko Shekara, wanda aka ce ya zarce wata tara har ya kusa shekara. Mairiga, wanda ya fito a lulluɓe. Bakwaini, ɗan wata bakwai. Gambo, mai bin tagwaye. Tune da Mantau, waɗanda suka zo bayan an daɗe ana jira. Idan uwa tana wabi, 'ya'yanta na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai a ji Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da yaron ba don ya tsaya, ko kuma a ji Barmani, wanda roƙo ne tsirara. Mawaƙi na iya ambaton suna ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar da shi daga baiti biyar na bayani.

Wanda ya fi ba ni mamaki a duk jerin shi ne kwantaccen ciki. A ce ciki ya kwanta, ya yi barci wata da watanni ko shekaru, sannan ya tashi. Ɗalibi zai ce mutuntarwa ce, kuma ya yi daidai. Likitancin zamani bai san cikin da ke barci ya farka ba. Amma mazhabar Malikiyya ta yarda ciki na iya daɗewa har shekara huɗu ko biyar, kuma wannan ra'ayi ya rufa wa zawarawa da matan matafiya asiri tsawon ƙarnoni. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta dogara da su ranar 25 ga Satumba 2003, lokacin da ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina Lawal. Abin da muke kira adon harshe a aji ya tsaya a gaban alƙalai ya tsirar da rai.

Ba Hausawa kaɗai ke zagaye kalmar ba. Mawaƙiyar Amurka Sylvia Plath ta rubuta wata gajeriyar waƙa a 1959 a siffar kacici-kacici. Ɗango tara ce, kowane ɗango gaɓa tara, sunan waƙar ma harafi tara, kuma ba ta ambaci ciki ko sau ɗaya ba. Jigon yana cikin ƙirgar. Darasin da ke nan ga ɗalibinmu shi ne zubi da tsari ma na iya zama furucin jigo. Idan ya ga waƙar Hausa mai baiti tara, ko wadda ɗangayenta ke ƙara tsawo suna nauyi yayin da take tafiya, ko wadda gangara ta hana baiti tsayawa sai ya zubo cikin na gaba, kada ya tsaya ga rubuta ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar. Ya tambayi dalili.

Ina son saye, kuma ba na fatan ranar da jika za ta dubi kakarta ta faɗi abin gatsau. Amma 'yar tafiya kaɗan daga Gyallesu akwai tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wada, wanda ya kasance babban mazauninsa kafin a koma Shika a 2005, kuma a can aka ga ɗaya fuskar kunya. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan abu ya ɓaci, kuma Harrison ya kammala da cewa ilimin boko ga kowa, musamman mata, shi ne babban magani. Yarinyar da aka koya wa ɓoye cikin fari, aka koya mata cewa kuka a kan gwiwa abin kunya ne, za ta iya kwana biyu tana naƙuda ba ta ce uffan ba. Daga baya a taƙaita duka da cewa ta ɗan sha wuya.

Wasu sunayen ma suna da daɗin ji amma suna rufe haɗari. Zaƙi, wanda ake cewa yana taruwa a jikin mai ciki ya tsare hanya, har a yi ta ba ta jiƙe-jiƙe don ya zube. Gishiri, sunan da ake ba matsalar idan haihuwa ta ƙi zuwa, maganinsa kuma yanka da aska ko reza. Wani bincike da likita Tahzib ya buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin na Zariya ya nuna doguwar naƙuda ce ta jawo mafi yawa, yankan gishiri kuma ya jawo kashi 13 cikin 100. Zaƙi da gishiri kalmomin madafa ne, ba sa tsorata kowa. Ma'aikatan lafiya su ma sun sha fama da neman kalma. Sun ɗauko ɗan tayi, wanda mahauta suka fi sani a cikin saniya, kuma har yau ba kasafai uwa ke kiran abin da ke cikinta da shi ba. Sun ce fiɗa ko tiyata, mata suka ce an yi mata aiki. Awo ne kawai ya shiga bakin kowa ba gardama.

Saboda haka idan ɗalibi ya tsinci saye a waƙar ciki, bai gama aiki ba don ya sa masa suna. Ya ci gaba ya tambaya me aka rufe, wa aka kare da rufewar, wa kuma aka bari a cikin haɗari. Juna biyu na kare mutuncin mace. Kwantaccen ciki ya kare ranta. Ta ɗan sha wuya kuwa yana kare waɗanda suka ƙi neman mota da wuri. Su uku duk saye ne a takardar jarrabawa, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ɗaliban Gyallesu suna da abin da ɗakin karatu ba zai ba su ba. Iyayensu mata da kakanninsu da ungozomomin unguwa suna nan da ransu, da kalmomi irin su faya da mabiyiya da ƙauri da wankan gida, da waƙoƙin da ba a taɓa rubutawa ba. Kundin kammala karatu guda ɗaya da ɗaliba za ta yi a kan waɗannan ya fi mini goma da ke maimaita nazarin waƙoƙin da aka riga aka feɗe sau ɗari. Akwai ma waɗanda suka share hanya. Hauwa Gwaram, wadda ta koyar da matan aure tsafta da renon yara a ajin yaƙi da jahilci a Kano, ta yi rubutattun waƙoƙi a kan irin waɗannan batutuwa da muryar mace, ta kuma rera su a rediyo. Waƙoƙinta da na Hajiya 'Yar Shehu suna cikin Alƙalami a Hannun Mata, wanda Beverly Mack ta tattara, kamfanin NNPC ya buga a nan Zariya a 1983. Ya kamata littafin ya zauna a manhajar kowane sashen Hausa, a karanta shi a zango ɗaya da waƙoƙin wa'azi da na bege.